Sigina Ta Cika Amma Hoto Na Farfashewa: Abin da Mai Dish a Randagi Zai Duba Kafin Ya Kira Mai Gyara

Dare ne na babban wasa. Bencina sun cika a gidan kallo, an karɓi kuɗin shiga, janareta na ruri a bayan ɗaki. Ana tsaka da wasa sai hoto ya daskare, fuskar ɗan wasa ta farfashe gida-gida, muryar mai sharhi ta riƙa sarƙewa, daga nan allo ya yi baƙi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san abin da ke biyo baya. Wasu za su fara neman a mayar musu da kuɗinsu, wani zai ce a je a ɗan taɓa dish, kafin a ankara yaro ya haye katanga da sifana a hannu. Sau da yawa wannan hawan ne ke mayar da ƙaramar matsala ta zama babba.

A Kano ko Kaduna abin da sauƙi, domin mai haɗa dish yana bayan layi, kira ɗaya zai zo. A Randagi ba haka lamarin yake ba. Mazaɓa ce a yammacin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, kusa da iyakar jihar Neja, a yankin da daji ya kewaye. Garin Birnin Gwari kansa yana da nisan kusan kilomita 120 daga Kaduna, a kan hanyar da ta shafe shekaru tana fama da 'yan bindiga. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, ya kawo sassauci, amma bai rage nisan hanya ba. Kiran mai gyara a irin wannan wuri yana nufin kuɗin babur zuwa da komawa, da jiran kwana ɗaya ko biyu, ga mai gidan kallo kuma asarar cinikin daren da aka fi samun jama'a.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, dikoda tana faɗin inda ciwon yake. Akwai lambobi biyu a cikinta da idan mutum ya iya karanta su, zai gane ko matsalar ta kan rufi ce, ko ta kebul, ko ta bayan talabijin, ko kuma ta sararin sama wadda babu mai gyara ta sai haƙuri.

Me ya sa sai dish?

Ta hanyoyi uku hoton talabijin ke shiga gida a Najeriya. Ta farko ita ce eriya, wadda ke kamo sigina daga dogon ƙarfen tasha da ke ƙasa. Ita ce hanyar GOtv, da StarTimes mai eriya, da FreeTV na shirin komawa tsarin dijital wanda aka fara gwajinsa a Jos a watan Afrilun 2016, aka kuma ƙaddamar da shi a Kaduna a Disambar 2017. Iyakarta ita ce nisa: da zarar an yi wa ƙarfen tashar nisa da gomman kilomitoci, ga tuddai da itatuwa a tsakani, siginar ta kan yi rauni har ta ɓace.

Hanya ta biyu ita ce intanet, ko dai ta data a wayar hannu, ko ta zaren faiba da ake ja har cikin gida. Faibar cikin gida har yanzu abin manyan birane ce, data kuma ta dogara ga ƙarfen sabis. Mutanen yankin Birnin Gwari sun san ma'anar wannan dogaro, domin a ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a sassan jihar da ke fama da matsalar tsaro, ba a dawo da su ba sai a ƙarshen Nuwamba.

Hanya ta uku ita ce dish, kuma ita ce ba ruwanta da ƙarfen sabis. Tauraron ɗan'adam da ke aiko da hoton yana can sama, kilomita 35,786 daga doron ƙasa, a saitin layin da ya raba duniya biyu. Yana kewayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa ake ganin kamar a tsaye yake wuri guda. Dish karɓa kawai yake yi, ba ya aika komai. Muddin akwai wuta, kuma yana kallon inda ya dace, zai kawo hoto ko da babu sabis ko ɗigo a gari. Abin da kawai ke buƙatar sabis shi ne biyan kuɗin wata ga masu DStv ko StarTimes. Tashoshin kyauta kuwa ko wannan ba sa nema.

Ƙarfi daban, inganci daban

A cikin saitin kowace dikoda, a sashen da ya shafi dish ko neman tashoshi, akwai layuka biyu masu nuna kashi cikin ɗari. A jikin ɗaya an rubuta Strength, wato ƙarfin sigina, a jikin ɗayan an rubuta Quality, wato ingancinta. Yawancin mutane na farkon suke kallo, alhali na biyun ne mai yanke hukunci.

Ƙarfi yana auna yawan abin da ke shigowa ta kebul ne, ba tare da tantance ko mene ne ba. Na'urar da ke kan hannun dish, wadda ake kira LNB, tana da tata hayaniyar ta lantarki da take turowa ko da dish ɗin bango yake kallo. Saboda haka mutum zai iya ganin ƙarfi ya haura 70 ko 80 alhali babu tauraron da aka kama. Inganci kuwa yana auna yadda saƙon gaskiya ya rinjayi hayaniya. Misalinsa kamar mutum ne a tsakiyar kasuwar shanu ranar da take ci: kunnensa cike yake da ƙara, amma abin tambaya shi ne ko yana jin abin da dillali ke faɗa masa.

Wannan ne kuma ya bambanta talabijin na yanzu da na da. A tsohon tsari, idan sigina ta yi rauni hoto ya kan yi dishi-dishi, amma ana iya ci gaba da kallo a haka. A tsarin dijital, dikoda tana da dabarar cike gurbin abin da ya ɓace a hanya, don haka hoto zai ci gaba da fita tas ko da inganci yana raguwa, har sai an kai wani mizani da dabarar ta gaza. Daga nan sai farfashewa, sai ɗaukewa gaba ɗaya, kamar wanda ya zo bakin rami bai sani ba. Dish ɗin da ke nuna hoto mai kyau da rana tsaka yana iya kasancewa a bakin ramin nan, yana jiran hadari na farko.

Akwai abin lura guda: kashin da dikoda ke nunawa ba ma'auni ba ne na bai-ɗaya. Abin da wata za ta kira 60, wata za ta iya kiransa 80. Don haka babu amfanin kwatanta lambar gida da ta maƙwabci sai in dikodar iri ɗaya ce. Abin da ya fi amfani shi ne, a ranar da gari ya yi garau kuma komai na aiki, mai gida ya buɗe shafin nan ya ɗauki hotonsa da waya, a kan tashoshi uku ko huɗu daban-daban. Wannan hoton ne zai zama ma'auninsa ranar da matsala ta zo.

Yanayi huɗu, da abin da kowanne ke nufi

Na farko: ƙarfi sifili, inganci sifili. A nan ba dish ne ya goce ba, hanyar da ke tsakanin dikoda da LNB ce ta yanke. Dikoda ce ke tura wa LNB wuta ta cikin kebul ɗin da ke kawo hoto, don haka idan kebul ya tsinke, ko kansa ya kwance, ko ɗaya daga cikin siraran wayoyin da ke kewaye da shi ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, komai zai mutu. A kashe dikoda daga soket, a kwance kan kebul na bayanta da na jikin LNB, a duba tsatsa da ruwa da wayar da ta kauce, a bi kebul ɗin da ido don ganin inda ɓera ko ƙofa ko gefen kwano ya ci shi. A kuma leƙa saiti a tabbatar ba a kashe wutar LNB ba. Sai an gama wannan duka ne za a zargi LNB ɗin kansa.

Na biyu: ƙarfi yana sama, inganci sifili. Kebul lafiya, LNB na samun wuta, amma ba a ganin tauraron. Ko dai iska ta juya dish, ko wani abu ya tare gabansa, ko an taɓa saiti. Kafin a hau sama a fara da saitin: LNB na gama-gari da ke kan ƙananan dish yana aiki ne da lambobi 9750 da 10600, kuma idan yaro ya canza su da rimot, inganci zai faɗi ƙasa ba tare da dish ya motsa ba. Masu DStv kan ga saƙon E48-32 a irin wannan hali, wanda ke nufin dikoda ba ta samun sigina. Saƙon E16 kuwa maganar kuɗin wata ce ko tashar da ba ta cikin tsarin da aka biya, hawa rufi ba zai gyara shi ba.

Na uku: inganci yana nan amma ya yi ƙasa, ko yana hawa yana sauka, ko wasu tashoshi na fita wasu ba sa fita. Wannan shi ya fi yawa. Tauraro yana aiko da tashoshi ne kashi biyu, wasu a tsaye wasu a kwance, kuma dikoda tana zaɓar wanda take so ta hanyar tura wa LNB wuta mai ƙarfin bolt 13 ko bolt 18. Idan kebul ya yi tsawo kuma marar kyau ne, ko adaftar dikoda ta gaji, bolt 18 ɗin ba zai isa sama cikakke ba, sai rabin tashoshi su ɓace. Haka nan idan LNB ya murɗe a mazauninsa, kashi biyun za su riƙa shiga juna. Ruwan da ya shiga kebul ma yana fara cinye wasu tashoshi kafin sauran.

Na huɗu: lambobin biyu duk suna daidai da hoton da aka ajiye a waya, amma abin da ke kan allo ba daɗin gani. To matsalar tana tsakanin dikoda da talabijin. Tsohuwar waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, ba ta ɗaukar hoto mai kaifi, kuma a kan babban allo rauninta zai fito fili. A koma HDMI, a saita dikoda ta fitar da 1080 ko 720, a daidaita faɗin hoto zuwa 16:9 don kada mutane su riƙa fitowa a baje. Idan tasha ɗaya ce kawai ke dishi-dishi, daga can aka aiko ta haka.

Ruwa, itace da rana

Ƙananan dish suna aiki ne da zangon da ake kira Ku, tsakanin gigahaz 10.7 zuwa 12.75. A wannan zango ɗigon ruwan sama yana shanye sigina yana kuma warwatsa ta. Shi ya sa hoto kan ɗauke tun kafin ruwa ya sauka a tsakar gida: dish ɗin DStv a wannan yanki gabas yake kallo, kuma daga gabas hadarin damina ya fi tasowa, don haka siginar ce ke fara ratsa shi. Idan ruwa ya yi ƙarfi sosai babu dabara, sai a jira ya wuce. Amma idan yayyafi kaɗan ma yana ɗauke hoto, alama ce ta cewa dish ɗin a bakin rami yake tun asali.

Magani biyu ne. Na farko a daidaita dish sosai a ranar da gari ya yi garau, har inganci ya kai ƙololuwar abin da zai iya kaiwa, ba a tsaya da zarar hoto ya fito ba. Na biyu a ƙara girmansa. Dish mai faɗin santimita 90 yana tara siginar da ta ninka ta mai santimita 60 fiye da sau biyu. Ga mai gidan kallo, wannan bambancin shi ne tsakanin kammala wasa da mayar wa jama'a kuɗinsu. Na'urar ƙara ƙarfin sigina da ake saƙalawa a kebul kuwa ba ta maganin wannan, domin tana ƙara saƙo da hayaniya ne tare. Ƙarfi zai hau a allo, inganci ya tsaya inda yake.

Sai itatuwa, waɗanda ƙasar Birnin Gwari ke da arzikinsu. Dish ɗin da aka kafa da rani, lokacin da ganye ya kaɗe, yana iya fara ba da matsala a watan Yuli ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, dish ba inda fuskarsa ta nuna yake kallo ba. Irin waɗanda ake sayarwa yanzu suna kallon sama da haka da kusan digiri 20 zuwa 25. Tauraron DStv, wanda ke kan digiri 36 gabas, ana hango shi daga wannan yanki a gabas da ɗan karkata zuwa kudu, a tsayin da ya ɗan haura digiri 50. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, tazarar da ke tsakanin dish da itace ta kai aƙalla tsawon da itacen ya fi dish ɗin. Idan mangwaro ya ɗara shi da mita 6, a ba shi tazarar mita 6 ko fiye, a kuma tuna cewa itace girma yake yi.

Akwai kuma ɗaukewar da ba ta buƙatar gyara ko kaɗan. Sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana kan bi ta bayan tauraron daidai saitin dish, hayaniyarta ta danne siginar na 'yan mintoci, kwanaki kaɗan a jere. Ga mai kallon tauraron da ke gabas, da hantsi abin ke faruwa. Wanda ya hau ya kwance noti a wannan lokaci ya ɓata abin da lafiyarsa ƙalau.

Kebul da wuta: inda aka fi yin arha, inda aka fi yin asara

Mutum zai sayi talabijin mai tsada da dikoda mai kyau, sannan ya nemi kebul mafi arha a kasuwa. Kebul ɗin da ya dace shi ne RG6, kuma ko mai kyau ne yana cin sigina gwargwadon tsawonsa, don haka gajarta shi riba ce. Kowane haɗi da aka yi ta hanyar murɗa waya da waya a naɗe da salatif ƙofa ce ta ruwa da asarar sigina. Idan dole ne a haɗa biyu, akwai ɗan ƙarfen haɗi mai zare da aka yi domin haka. A wajen LNB, a bar kebul ya ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ya shiga ɗaki, yadda ruwa zai ɗiga a waje maimakon ya bi shi ciki.

Wuta ma tana da nata rabon. Inda aka dogara ga ƙaramin janareta ko sola, wuta kan yi ƙasa idan an ɗora firji ko cajin wayoyi masu yawa, sai dikoda ta riƙa kashe kanta tana kunnawa, ko tashoshi su riƙa ɓacewa da daddare kawai. Gwajin mai sauƙi ne: a cire sauran kayan, a bar talabijin da dikoda, a sake duba lambobin. Idan tsawa ta fara kuwa, a zare kebul ɗin dish da filogin wuta, kada kuma kowa ya hau rufi.

Idan hawan ya zama dole

Wayar hannu tana rage wahala a nan. Akwai manhajojin neman tauraro da ke amfani da GPS da kyamarar waya su nuna inda tauraron yake a sama, abin da ke taimakawa wajen gano ko reshe ne ya tare. GPS ba ya buƙatar sabis, don haka ana iya sauke manhajar a inda ake da data, a zaɓi wadda ke aiki ba tare da intanet ba. Sai dai kamfas ɗin waya yana rikicewa kusa da rufin kwano da ƙarfen dish, don haka a auna daga tsakar gida.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a yi wa ƙarfen alama da fenti ko ƙusa, a kuma ɗauki hotonsa, domin a iya komawa inda aka taso. Dish mai santimita 90 yana gani ne ta ƙofar da faɗinta bai wuce digiri 2 ba, kuma motsa gefensa da ƙasa da santimita ɗaya ya kai digiri guda. Saboda haka ba juyawa ake yi ba, turawa ake yi kaɗan-kaɗan, a dakata daƙiƙa biyar dikoda ta nuna sakamako, sannan a ƙara. A fara da hagu da dama, sai sama da ƙasa, sai murɗa LNB a ƙarshe. Ido a kan inganci kawai. Wajen ɗaure notuna a riƙa bi ɗaya bayan ɗaya ana kallon lambar, domin ɗaurin kansa yana iya jan dish ya goce.

Ranar da faiba ta iso

A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na zaren faiba a faɗin ƙasa, ƙarƙashin ma'aikatar sadarwa da Bosun Tijani ke jagoranta. Ko yaushe zai kai gidajen karkara, lokaci ne zai nuna. Amma matasan yankin da ke karatu ko aiki a Kaduna, Kano da Abuja tuni suka fara cin karo da shi, kuma darasin dish yana aiki a can ma.

A faiba, haske ne ke ɗauke da saƙo ta cikin zaren gilashi wanda tsakiyarsa bai kai kaurin gashin kai ba. Ruwan sama da tsawa ba sa taɓa hasken. Akwatin da kamfani ke kafawa a ɗaki yana auna ƙarfin hasken da ke iso masa da ma'aunin dBm, kuma lambar tana zuwa ne da alamar ragi a gabanta. A tsarin GPON da aka fi amfani da shi, akwatin yana aiki ne tsakanin kusan -8 zuwa -27. Wato -19 ya fi -26 lafiya nesa ba kusa ba, domin duk raguwar 3 tana nufin rabin hasken ya tafi. Wanda lambarsa ke kusa da -27 yana bakin rami, kamar mai dish ɗin da ke jiran yayyafi. Ana ganin lambar a shafin saitin akwatin ta burauzar waya, idan kamfanin bai rufe shafin ba.

Idan fitilar da aka rubuta wa LOS ta koma ja, haske ba ya isowa ke nan: zare ya tsinke a gida ko a titi, kuma aikin kamfani ne. Abin da mai gida zai iya dubawa shi ne siririn kebul ɗin da ke shiga akwatin. Lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwa, ko danne shi da kujera, ko matse shi a ƙofa, yana zubar da haske. Ƙura a kan bakinsa ma haka, abin da ya kamata a kiyaye da hunturu. Mai koren kai ba a haɗa shi da mai shuɗin kai, domin yankan bakinsu ya bambanta. Kuma kada a kuskura a leƙa bakin zaren da ido: hasken ba a ganinsa, amma yana iya yi wa ido illa.

Idan hasken lafiya yake amma bidiyo na tsayawa ko yana dishi-dishi, mafi yawan lokaci Wi-Fi ne. Netflix na ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa don hoton 1080, da 15 don 4K, adadin da faiba ke bayarwa cikin sauƙi, amma bango biyu ko uku na siminti suna iya cinye shi kafin ya kai ɗaki. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri, na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango. Gwajin da ke raba gardama shi ne a haɗa talabijin da akwatin kai tsaye da kebul. Idan matsalar ta tafi, ba laifin kamfani ba ne.

Ko mai kallo da data yana da irin wannan lambar a aljihunsa. A yawancin wayoyin Android, a sashen bayanin waya, ƙarƙashin matsayin layi, ana nuna ƙarfin sabis da dBm. A kan 4G, kusan -80 sabis ne mai kyau, -110 kuwa ya yi rauni. Wannan lambar ta fi sandunan da ke saman allo faɗin gaskiya, kuma da ita mutum zai gano kusurwar gida ko tudun da ya fi dacewa ya tsaya.

Abin da za a faɗa wa mai gyara

Duk wannan ba ya nufin an daina buƙatar masu haɗa dish. LNB na ƙonewa, dish na lanƙwashewa idan iska ta kayar da shi, dikoda na mutuwa, kuma mai na'urar awo zai daidaita dish fiye da mai kallon allo. Bambancin shi ne abin da za a gaya masa kafin ya taso. Wanda ya ce "ba ya yi" kawai, zai iya biyan kuɗin babur sau biyu, domin mai gyara zai zo ya duba, sannan ya koma ɗauko abin da ya lalace. Wanda ya ce ƙarfi 75 ne kamar kullum, inganci ya faɗo daga 70 zuwa 30, rabin tashoshi sun ɓace, kuma abin ya fara ne bayan ruwan daren Talata, ya riga ya gaya masa ya taho da sabon kebul da LNB a jaka.

Saboda haka aikin farko ba na ranar matsala ba ne. Na yau ne, idan hoto na fita lafiya: a ɗauki rimot, a buɗe shafin sigina, a ɗauki hoton lambobin nan biyu, a ajiye a waya.